Me ya sa ƙananan jiragen sama suka fi yin hatsari wajen sauka?

Tambaya: Ƙanena yana koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, a irin ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu. Tun da ya fara nake bin labarinsu, kuma hankalina ya tashi: yau wani ya zarce titi ya faɗa kwalbati, gobe wani ya kife, kusan duka wajen sauka. Jiragen ne ba su da ƙarko, ko kuwa me ke faruwa?

Amsa: Malam, idonka bai yi maka ƙarya ba. A rahoton da ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AOPA, take fitarwa duk shekara daga bayanan hukumar binciken haɗurra ta NTSB, sauka ce kan zo ta farko cikin haɗurran da ake ɗora wa matuƙi. Amma ba rashin ƙarko ba ne. Galibin jiragen da suke karyewa a bakin titi lafiyarsu ƙalau har lokacin da tayarsu ta taɓa ƙasa. Ga kuma abin da zai ɗan sanyaya maka rai: a irin wannan hatsarin ba kasafai ake mutuwa ba, domin jirgin ya riga ya rage gudu, ya kuma kusanci ƙasa. Asarar dukiya ce da jin kunya. Masu kisan su ne wanda ke faruwa a kwanar ƙarshe kafin a fuskanci titi, da wanda ke faruwa in matuƙi ya fasa sauka bai bi ƙa'ida ba, sai kuma na dare da hazo.

Bari mu ɗauki Cessna 172S, tunda mai yiwuwa irinsa ƙanen naka yake hawa. An ƙera jiragen 172 fiye da 44,000 tun daga 1956, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. Ana auna gudun jirgi da noti, noti ɗaya kilomita 1.85 ne a awa, tsawo kuma da ƙafa. Mai son sauka yakan bi gefen titi a tsawon ƙafa 1,000, yana tafiya akasin inda zai fuskanta wajen sauka. In ya zo daidai inda yake son ajiye taya, sai ya rage totur, ya sauke leɓen fiffike, wanda matuƙa ke kira filaf, zuwa digiri 10. Ya yi kwana ta farko, ya ƙara zuwa 20. Ya yi ta biyu ya fuskanci titi, ya sauke duka 30. Littafin jirgin ya ce a wannan gangarar a riƙe noti 60 zuwa 70, in titin gajere ne kuma noti 61. A ƙafa 10 zuwa 20 sama da kwalta sai ya rufe totur, ya fara jan sitiyari sannu a hankali, hanci na ɗagawa, gudu na tsiyayewa, har manyan tayoyi biyu na ƙarƙashin ciki su zauna, tayar gaba tana sama. Ita sai daga baya ake ajiye ta.

Rikicin daga gudu yake farawa, kuma yawanci gudun da ya yi yawa ne, ba wanda ya gaza ba. Sabon matuƙi yana tsoron kada fiffike ya daina ɗaukar jirgi, abin da suke kira sitol. Sai ya ƙara noti biyar don kiyayewa, biyar don iska, biyar kuma don yau yana ɗauke da iyali. Ya iso bakin titi da 80 maimakon 65. Jirgin da ke da wannan gudun ba ya zama, ko an so ko an ƙi. Abin da ke ƙara dagula lamarin, da zarar jirgi ya sauko ƙasa da faɗin fukafukansa, a 172 ƙafa 36 ke nan, turjiyar iska takan ragu, sai ya yi ta shawagi daf da kwalta, gudun ya ƙi mutuwa. A noti 65 jirgi na cinye kusan ƙafa 110 a kowane sakan. Sakan biyar na shawagi, ƙafa 550 na titi sun tafi. Lissafin tsayawa ma ninkawa yake: ƙarin kashi 10 cikin 100 na gudu yana ƙara kusan kashi 20 na tsawon titin da ake buƙata. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ƙarin da ƙa'ida ta yarda da shi ɗaya ne, shi ne rabin bambancin bugun iska. In an ce iska noti 12 ce tana kai bugu 22, bambanci 10 ne, sai a ƙara 5, ba ƙari.

Daga nan matuƙi ya ga ƙarshen titi na matsowa, sai ya yi abin da hannu ke so: ya tura sitiyari gaba don ya danne jirgin ƙasa. Tayar gaba ce za ta fara bugawa. Ita kuwa ba don ɗaukar nauyin sauka aka yi ta ba, a 172 ma a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi aka ɗaure ta. Tana bugawa hanci ya yi tsalle sama, fiffike ya sake kama iska, jirgi ya tashi. Matuƙi ya sake turawa, amma hannunsa na makara da rabin sakan, don haka turawar takan faɗo daidai lokacin da hancin ya riga ya fara saukowa da kansa. Bugu na biyu ya fi na farko. Na uku shi kan karya ƙafar tayar, farfela ta sari kwalta, bangon nan ya lanƙwashe. Wani sa'in babu tsallen, jirgin kawai ya yi ta gudu a kan tayar gaba kamar baro, manyan tayoyin da ƙyar suke lasar ƙasa. Birki kuwa a jikinsu yake. To ba birki, ba saiti, iska kaɗan sai ta watsa shi gefe. In tsallen ƙarami ne, abin yi shi ne a riƙe hanci a matsayinsa na sauka, a ba shi ɗan totur don ya sauko da laushi, muddin akwai sauran titi. In babba ne, ko an yi na biyu, ba sauran gyara. A tashi.

Fasa sauka a sake zagayowa, a ganina, shi ne darasin da ya fi kowanne ceton jirage, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi da zarar an karɓi lasisi. Mutum yana ganin abin kunya ne a gaban fasinja ko a kunnen masu sauraron rediyo, alhali kuɗinsa man minti biyar ne. Littafin koyarwa na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ya yanke magana: ƙaramin jirgi da ya sauko ƙasa da ƙafa 300 kuma gudunsa, ko saitinsa da tsakiyar titi, ko yanayin gangararsa bai daidaita ba, ya fasa nan take. Haka in taya ba ta zauna a kashi ɗaya cikin uku na farkon titi ba.

Shi ma fasawar da tsarinta. Totur duka, a tura shi da sulɓi ba da fizga ba. Ƙafar dama a kan feda, wato matakin da ke juya hancin jirgi dama ko hagu, domin inji da farfela a cikakken ƙarfi suna jan hanci hagu. Hannu ya tare sitiyari, saboda an riga an saita jirgin don tafiyar sannu, da ƙarfi ya shigo hanci zai so ya miƙe sama, in aka ƙyale shi sitol ne a ƙafa 50. Filaf ya koma 20 nan da nan, a nemi noti 60, a mai da shi 10 har a wuce itatuwa da wayoyi, sai an yi sama an kai noti 65 a ɗauke sauran. Magana a rediyo ita ce ta ƙarshe. Kuskuren da ke kisa shi ne ɗauke filaf duka lokaci guda gudu bai kai ba, domin filaf yana ba fiffike damar ɗaukar jirgi a ƙaramin gudu, in an janye shi an janye wannan damar. Abin da ya faru ke nan a ranar 9 ga Yuni 2016 a filin Hobby da ke Houston. Wata matuƙiya da jirgin Cirrus SR20 ta shiga tsakanin manyan jiragen fasinja, masu ba da hannu na hasumiya suna ta sauya mata titi. Ta fasa sau biyu lafiya. A na uku ta ɗauke filaf tana cikin kwana tana hawa, gudu bai kai abin da littafin ya ce ba. Jirgin ya juya ya faɗa wurin ajiye motoci na wani kanti, duka mutum ukun da ke ciki suka rasu. NTSB ta ɗora babban laifin a kan yadda aka yi fasawar, ta kuma ambaci dogayen umarnin hasumiya a daidai lokacin da bai kamata ba. Makara ma illa ce. A 15 ga Agusta 2019 jirgin Cessna Citation Latitude na ɗan tseren motan nan Dale Earnhardt Jr. ya shigo Elizabethton a jihar Tennessee da gudu fiye da kima, ya yi ta tsalle, matuƙan suka nemi tashi bayan sun riga sun buɗe na'urar mai da ƙarfin inji baya. Taya ta karye, jirgin ya keta shinge ya kama wuta. Allah ya yi da sauran kwana, duka mutum biyar suka fita. Ƙwararrun matuƙa biyu ne fa a gaba, ba ɗalibai ba.

Sai iskar gefe, wadda ke da hannu a yawancin ficewa daga titi. Lambar titi tana nuna inda ya fuskanta: titi mai lamba 27 yana kallon digiri 270, wato yamma. In iska noti 20 ta taho daga digiri 300, bambancin 30 ne, rabin ƙarfinta ke bugun gefe, noti 10. In daga 330 take, bambancin 60, kusan dukanta ke nan, noti 17. Iskar gefe mafi ƙarfi da kamfanin ya gwada 172 da ita noti 15 ce. Wannan lambar ba doka ba ce, amma matuƙin gwaji na kamfani ne ya same ta, ba mai awa 70 a littafinsa ba.

Hanyar da ake koyarwa ita ce a karkata fiffiken ɓangaren da iska ke tahowa ƙasa don jirgi ya daina zamewa gefe, a taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya tsaya daidai da layin tsakiya. Tayar ɓangaren iska ce ke fara taɓawa, sai ɗayar, sai ta gaba. In an take feda har ƙarshe hanci bai miƙe ba, iskar ta fi ƙarfin jirgin, a nemi wani titi ko wani gari. Amma ba a sama aka fi yin ɓarnar ba, bayan an taɓa ƙasa ne. Matuƙi ya ji taya ta zauna, ya saki ajiyar zuciya, ya mai da sitiyari tsakiya. Iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, tana kuma tura jela, hanci ya juya ya nufi inda iskar ke fitowa. Abin da ya kamata akasin haka ne: gudu na raguwa ana ƙara murɗa sitiyari cikin iska, har ya kai maƙura lokacin da jirgi ya dawo tafiyar ƙasa. Ga kuma batun ƙafa. Birkin waɗannan jirage a saman fedar yake, da yatsun ƙafa ake danna shi, kowace taya da nata, kuma babu na'urar hana taya kullewa. Wanda ya sauka duga-dugansa ba a ƙasa ba yakan taɓa kwalta da birki a danne bai sani ba. Taya ta ci wuri guda har zare, ko ta fashe, jirgi ya yi gefe. Daga kwalta zuwa ƙasa mai laushi, tayar gaba ta nitse, jirgi ya kife ta hanci. Yawancin hotunan da kake gani na jirgi kwance a bayansa, tayoyi a sama, haka aka yi.

Jirage masu tayar jela, irin su Piper Cub da Cessna 185, nasu ya fi tsanani. Tsakiyar nauyinsu yana bayan manyan tayoyi, don haka da hanci ya ɗan kauce, jela takan nemi ta wuce gaba, jirgi ya yi juyi a tsaye, bakin fiffike ya daki ƙasa. Shi ya sa a Amurka sai malami ya sa wa mutum hannu na musamman kafin ya tuƙa su.

Yanzu kwanar ƙarshe, wadda in ta faru ba a cika ba da labari ba. A ce iska na tura jirgi daga baya lokacin da yake tsakanin kwana ta farko da ta biyu. Gudunsa a kan ƙasa ya ƙaru, matuƙi ya makara wajen juyawa, ya wuce saitin titi. An koya masa kada ya karkata fiye da digiri 30 kusa da ƙasa, to sai ya yi dabara: ya bar karkatar yadda take, ya taka fedar ciki don ya jawo hanci. Fiffiken waje ya ƙara gudu ya ɗaga, karkata ta ƙaru, hanci ya sauka. Sai ya murɗa sitiyari waje don ya tare karkatar, ya kuma ja baya don ya ɗaga hanci. Yanzu hannu da ƙafa sun saɓa, gudu na raguwa, fiffiken ciki shi ne zai fara sakin iska. Jirgin ba ya sunkuyawa gaba kamar yadda aka saba a atisaye, kifewa yake ta ɓangaren ciki ya fara wulwulawa. Fita daga wannan yana cin ƙafa 1,000 ko fiye, shi kuwa yana ƙafa 300 zuwa 400. A lura kuma gudun da fiffike ke sakin iska ba lamba ɗaya ba ce. A kwanar da ake riƙe tsawo, karkatar digiri 30 tana ɗaga shi da kashi 7 cikin 100, ta 45 da kashi 19, ta 60 da kashi 41. Akwai ɗan ƙwallo a cikin bututun gilashi a gaban matuƙi, in ya bar tsakiya hannu da ƙafa sun saɓa. Akwai kuma ƙahon gargaɗi da ke kuka noti 5 zuwa 10 kafin sitol. Wanda ya wuce saitin titi, kwana mai tsabta ba ta dawo da shi ba, ya miƙe fukafukai ya ba da totur.

Game da zarce titi kuwa, lissafi ne da ake iya yi a ƙasa tun kafin a tashi, mutane ne ba sa yi. Littafin 172S ya ce da cikakken kaya, a daidai da teku, a zafin digiri 15, yana buƙatar ƙafa 1,335 daga tsawon ƙafa 50 zuwa tsayawa, 575 daga ciki gudun taya ne a ƙasa. Amma sabon jirgi ne, busasshiyar kwalta, noti 61 cif, da birki mai ƙarfi. AOPA tana ba da shawarar a ƙara rabi a kan lambar littafi, kusan ƙafa 2,000 ke nan. A ƙasan shafin littafin da ke ɗauke da wannan lissafi akwai ƙananan rubutu da ya kamata a haddace. Busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 45 na gudun taya. Sauka babu filaf yana buƙatar ƙarin noti 9 da ƙarin kashi 35 na tsawo. Iskar gaba sai ta kai noti 9 take rage kashi 10, amma iskar baya kowane noti 2 tana ƙara kashi 10. Wato iskar baya ta noti 6 kacal ta ƙara kashi 30. Ruwa a kan titi shi ma da nasa: tayar da ke da iska fam 30 takan fara hawa kan ruwa tun daga wajen noti 49, birki ya zama hoto.

Zafi da tudu suna shiga lissafin, kuma wannan ya shafi masu tuƙi a ƙasarmu, har da ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Iska mai zafi ba ta da kauri. Filin jirgin Kano yana wajen ƙafa 1,560 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, fiffike da inji ji suke kamar suna kusan ƙafa 5,000. Agogon gudu zai nuna noti 65 kamar kullum, amma ainihin gudun ya fi haka da kusan kashi 8, titin da ake ci kuma ya ƙaru da kusan kashi 16. Ba a ƙara lambar agogo saboda zafi, ita dai ake riƙewa. Abin da ake ƙarawa shi ne tsawon titi a lissafi, da sanin cewa in an fasa sauka jirgin zai hau da nawa.

Akwai kuma masu faɗuwa kafin su isa. Gangarar da aka saba digiri 3 ce, kusan ƙafa 300 a kowane mil na ruwa, wato kilomita 1.85. A filayen da ke da fitilu huɗu a gefen titi, fari biyu ja biyu shi ne daidai, ja huɗu kuwa an yi ƙasa da yawa. Wanda ya ga ya yi ƙasa, totur ne maganinsa. In ya ja sitiyari kawai, gudu ne zai zube, jirgin ya ƙara nitsewa. Thurman Munson, kyaftin ɗin ƙungiyar besbal ta New York Yankees, ya rasu a 2 ga Agusta 1979 a filin Akron-Canton yana atisayen sauka da jirginsa Cessna Citation: bai sauke filaf ba, gudu ya zube, ya makara wajen ba da totur, ya faɗi kafin titi. Ido ma yana yaudara. Siririn titi ko mai hawa tudu yana sa matuƙi ya ji kamar ya yi sama, sai ya sauko fiye da kima. Da dare, in tsakaninsa da titi daji ne ko ruwa babu fitila ko ɗaya, haka abin yake, ko ma ya fi. In hazo ya haɗu da duhu har sararin sama da ƙasa suka zama abu guda, kunnen ciki yakan gaya wa mutum yana miƙe alhali yana kwana. John F. Kennedy Jr. da matarsa da 'yar'uwarta sun rasu ta haka a 16 ga Yuli 1999, yana gangarowa da Piper Saratoga a kan teku zuwa tsibirin Martha's Vineyard. Mu da muka san hazon hunturu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 25 ga Oktoba 2012 gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, yana tuƙa Cessna 208 daga Jalingo, ya faɗi kafin ya isa filin jirgin Yola. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Najeriya ya nuna ba shi da takardar cancantar tuƙa wannan nau'in jirgi, kuma tafiyar ta dogaro da ido ce bayan faɗuwar rana.

Sauran a taƙaice. Jirage masu naɗe taya, irin su Piper Arrow, Mooney da Bonanza, ana saukar da su a kan ciki duk shekara saboda an manta. Kusan kullum wani abu ne ya katse wa matuƙi tsarinsa, kiran rediyo ko fasa sauka, ƙahon gargaɗi na kuka yana ji bai gane ba. Koriyar fitila mai nuna tayoyi sun sauka ake dubawa, a faɗa da baki, a sake dubawa a gangarar ƙarshe. Yawancin filayen Amurka ba su da hasumiya, matuƙa ne ke sanar da juna inda suke. A 18 ga Agusta 2022 a Watsonville ta jihar Kalifoniya, Cessna 340 ya shigo kai tsaye da gudu mai yawa ya haɗu da Cessna 152 da ke kwanar ƙarshe, mutum uku suka rasu. Mai bin bayan babban jirgi kuma ya tsaya sama da hanyar da ya bi, ya ajiye taya gaba da inda shi ya ajiye, domin guguwar da ke fita daga bakin fukafukansa tana iya kifar da 172. Tsofaffin jirage masu kafireto suna iya yin ƙanƙara a maƙogwaron inji lokacin da aka rage totur, ko da rana ana zafi in akwai laima, shi ya sa ake jan maɓallin ɗumama shi kafin a fara gangara.

In kana son ka san ko ƙanen naka yana hannu nagari, tambaye shi sau nawa malaminsa ya sa shi fasa sauka ba zato, daga ƙafa 10, ko bayan tsalle, da filaf duka a sauke. Tambaye shi iyakar iskar gefen da aka rubuta masa a matsayin ɗalibi. Dokar Amurka ta ce mai lasisi ba ya ɗaukar fasinja sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, amma wannan ƙaramin ma'auni ne ƙwarai, sauka uku a safiya mai lumana ba sa shirya mutum wa iskar la'asar. Ɗamarar kafaɗa kuma a ɗaure ta tamau kafin sauka. Ta ƙugu kaɗai ba ta hana fuska dukan allon na'urori, kuma tun Disamba 1986 doka ta wajabta ta a kowace kujera ta sababbin ƙananan jirage.

In kuma ya yi mummunar sauka, kada ya ajiye jirgin ya yi shiru, ko da waje bai nuna komai ba. Farfelar da ta taɓa ƙasa, ko da bakinta kawai ya ɗan lanƙwashe, ba a miƙe ta da guduma. Kamfanonin inji, Lycoming da Continental, sun ce a buɗe injin a binciki sandar da ke juya farfelar da haƙoran giyar bayanta, domin tsagar da ido ba ya gani tana iya karyewa bayan awanni masu yawa, a sama, a hannun wani. Bugun tayar gaba kuma a 172 sai an cire murfin inji an haska bangon nan da ya raba inji da ɗakin matuƙi da tocila. Makaniki yana neman tattarewar ƙarfe a ƙasan bangon kusa da inda ƙafar tayar ta kama, da ƙusoshin da suka saki, da dabe mai kumburi a ƙarƙashin feda. In bangon ya lanƙwashe, wayoyin da ke bi ta wajen zuwa jela suna iya sakwarkwacewa ko su cije, mai hawa na gaba ya ji sitiyari ya yi nauyi bai san dalili ba.